Taragon Gama-gari: Wahalar da ke Bayan Tikiti Mai Araha a Indiya

A ƙasar Indiya, jirgin ƙasa ya fara jigilar fasinja ranar 16 ga Afrilun 1853 tsakanin Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, da garin Thane, kuma a yau tsawon layin dogo ya haura kilomita dubu 68, jiragen da ke binsa suna kwasar mutum kimanin miliyan 20 a kowace rana. Mafi yawan waɗannan matafiya talakawa ne, abin da ke kai su tasha kuwa shi ne arahar kuɗin jirgi, sai dai arahar nan da jiki ake cike giɓinta.

Tikiti mafi araha shi ne na taragon gama-gari, wato taragon da ba a keɓe wa kowa kujera a cikinsa, duk wanda ya riga shiga shi ke zama. Jirgin dogon zango yakan ja taragai sama da 20, amma na gama-gari ba safai suke wuce uku ko huɗu ba, a can kusa da kan jirgi da kuma wutsiyarsa, kowanne da mazaunin mutum 90 zuwa 100. Tushen matsalar shi ne, an saba sayar da wannan tikiti ba tare da la'akari da yawan kujerun ba, ta yadda abin da mutum ya saya izinin shiga ne kawai, samun wurin zama kuwa sai ƙarfin damtse.

Tun jirgi bai gama tsayawa ba ake rububin ƙofa, wasu suna cusa ƙyalle ko jaka ta taga domin kama kujera, 'yan dako kuma suna tare wuri su sayar wa mai kuɗi a hannu. Kafin a tashi, bencin mutum huɗu ya ɗauki shida ko bakwai, samari sun haye kantar ajiye kaya sun naɗe ƙafa, wasu sun ɗaure zanin gado tsakanin ƙarafa sun kwanta a ciki suna lilo, sauran kuma an danne su a tsaye kamar goro a huhu. Har makewayi akan samu masu zama, abin da ke sa mata da tsofaffi ƙin shan ruwa a tafiyar da ke iya wuce kwana guda, domin wanda ya tashi ya rasa wurinsa ke nan.

Mai neman tsira daga wannan hali yakan nemi taragon kwana, wanda ke da gadaje masu lamba, amma nan ma da nasa tarnaƙin. Ana buɗe sayar da tikitin kwana 60 kafin tafiya, a manyan hanyoyi kuma nan da nan yake ƙarewa, sai a sa mutum cikin jerin masu jiran wani ya fasa. Akwai kuma tsarin Tatkal, wato kason gaggawa da aka ɓullo da shi a 1997, wanda ake buɗewa ana gobe tafiya da ƙarin kuɗi, yakan kuma ƙare cikin 'yan mintoci a intanet. Ko wanda ya dace da gadon ma, ba abin mamaki ba ne ya tarar da baƙi jere a kansa, waɗanda cunkoso ya koro daga taragon gama-gari.

Abin ya fi ƙamari a lokacin bukukuwan Diwali da Chhath, cikin Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da 'yan ci-rani ke barin Delhi da Mumbai da Surat zuwa garuruwansu a jihohin Bihar da Uttar Pradesh. Ranar 15 ga Fabrairun 2025 kuwa, turereniya a babbar tashar New Delhi ta hallaka mutum 18, a daidai lokacin da dubbai ke neman jirgin zuwa garin Prayagraj domin bikin Kumbh Mela.

Koken ba sabo ba ne, domin tun a 1917 Mahatma Gandhi ya yi rubutu a kan cunkoso da ƙazantar taragon aji na uku, ajin da aka soke sunansa a shekarun 1970 ba tare da halin ya sauya sosai ba. Dalilin kuwa na kuɗi ne: hukumar jiragen na tafka asara a kan tikiti mai araha, tana cike giɓin da ribar dakon kaya, musamman gawayin kwal, don haka ƙarin taragon talaka ƙarin asara ne a lissafinta. An ƙaddamar da jiragen Vande Bharat masu sauri da na'urar sanyaya ɗaki a 2019, amma Amrit Bharat, wanda aka ƙera domin masu ƙaramin ƙarfi, sai a ƙarshen 2023 aka ƙaddamar da shi.

Bayan turereniyar New Delhi, gwamnati ta ce za ta gina wuraren jira a wajen manyan tashoshi, domin kada a saki jama'a su cika bakin layin dogo kafin jirgi ya iso. Matakin zai rage haɗari a tasha, amma muddin tikitin da ake sayarwa ya zarce yawan kujeru, cunkoson cikin tarago yana nan daram.