Wasannin Mashaya Jini a Talabijin ɗin Amurka: Dalilan Sauyin Ra'ayin Masu Sharhi da Abin da Ya Haifar

Tsakanin shekarar 2008 da 2017 tashoshin talabijin na Amurka sun cika da wasannin kwaikwayo masu dogon zango waɗanda jarumansu mashaya jini ne, kuma hukuncin da masu sharhi suka yanke wa waɗannan wasanni ya yi ta sauyawa ta yadda wasan da aka raina a makonsa na farko ya zama abin yabo bayan shekara guda, wanda kuma aka ɗaukaka tun farko ya ƙare ana kushe shi. Mashayin jini, wanda Turawa ke kira bamfaya, halitta ce ta almarar Gabashin Turai: mutum ne da ya mutu amma bai ruɓe ba, yana tashi da dare ya sha jinin rayayyu don ya ci gaba da wanzuwa, kuma ana kashe shi ta hanyar soka masa tsinken itace a zuciya. Ya bambanta da maye na al'adar Hausawa, domin maye rayayyen mutum ne da ake zargin yana kama kurwa, shi kuwa bamfaya gawa ce mai tafiya wadda jini take nema. Wannan nazari ya ɗauki wasan The Vampire Diaries a matsayin babban misali, tare da waiwayar wasanni biyu da suka gabace shi, domin a ga abin da ya juya ra'ayin masu sharhi da kuma abin da juyin ya haifar.

Asalin halittar da shigarta talabijin

Siffar bamfaya da duniya ta sani a yau ta kafu ne da littafin Dracula wanda Bram Stoker, marubuci ɗan Ayalan, ya wallafa a 1897, inda aka nuna shi a matsayin dodo baƙo mai ɗauke da annoba. Talabijin ta taka rawa wajen sassauta wannan siffa, domin a 1967 wasan Dark Shadows na tashar ABC ya shigo da Barnabas Collins, mashayin jinin da ke nadamar halin da ya sami kansa, kuma ƙaunar da masu kallo suka nuna masa ita ce ta ceto wasan daga rufewa. Anne Rice ta ƙarasa aikin a 1976 da littafinta Interview with the Vampire, wanda ya ba dodon damar bayar da labarinsa da bakinsa. Daga nan mashayin jini ya tashi daga abin gudu ya koma abin tausayi, har ma abin so, kuma wannan sauyi ne ya ba shi damar zama jarumin wasan da za a yi shekaru ana nunawa, tunda ba a iya gina zango bakwai ko takwas a kan dodon da ba shi da wata damuwa sai yunwa.

Wasan Buffy the Vampire Slayer, wanda Joss Whedon ya ƙirƙira aka nuna daga 1997 zuwa 2003 a kashi 144, shi ne ya fara tilasta wa masu sharhi ɗaukar wannan nau'i da muhimmanci. Sunan wasan kansa ya sa manyan masu kallo da yawa suka ƙi kula shi, amma kashin da ake kira Hush na 1999, wanda aka yi mafi yawansa ba tare da magana ba, ya sami shiga takarar lambar Emmy ta rubutu, sannan a 2001 malaman jami'a suka buɗe mujallar nazari mai suna Slayage domin wannan wasa. Duk da haka wasan bai taɓa cin Emmy a manyan rukunoni ba, kuma wannan giɓi tsakanin yabon masu sharhi da shirun masu bayar da lambar yabo ya ci gaba da bin wasannin da suka biyo baya.

Yadda aka tarbi The Vampire Diaries

Tashar The CW ta fara nuna The Vampire Diaries ranar 10 ga Satumba 2009, kuma Kevin Williamson da Julie Plec ne suka gina shi a kan littattafan L. J. Smith da suka fara fitowa a 1991. Labarin wata ɗalibar sakandare ce marainiya, Elena Gilbert, a wani ƙirƙirarren gari mai suna Mystic Falls a jihar Bajiniya, wadda 'yan'uwa biyu mashaya jini, Stefan da Damon Salvatore, suka faɗa son ta saboda ta yi kama da matar da ta mayar da su haka a 1864. Kusan mutum miliyan biyar ne suka kalli kashin farko, adadin da babu wani sabon wasa na tashar da ya taɓa samu kafin lokacin, amma sharhin jaridu ya rabu, kuma mafi yawan sukar ta tsaya ne a kan cewa wasan ya kwaikwayi fim ɗin Twilight ne, wanda ya fito a Nuwamba 2008, ko da yake littattafan Smith sun girmi littafin Stephenie Meyer na 2005, wanda aka gina fim ɗin a kansa, da shekara goma sha huɗu.

Kashin farko ya ba masu sukar abin kamawa. An cika shi da hazo mai tasowa a maƙabarta da hankaka mai bin yarinyar, ga kuma muryoyin Elena da Stefan suna karanta abin da suka rubuta a littafin sirrinsu cikin jimami. Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a nan Larabar ta yaudari masu duba, domin cikin 'yan makonni marubutan sun watsar da hazon da hankakan, suka rage karatun littafin sirrin, suka kuma ƙara wa labarin sauri. A kashi na bakwai suka kashe Vicki Donovan, wadda ke cikin manyan 'yan wasan, abin da ya nuna cewa babu wanda ransa ke da tabbas. A ƙarshen zangon farko masu kallo suka ga abin da suka ɗauka Elena ce tana sumbatar Damon a ƙofar gida, sai ta shiga kicin ta datse yatsun wani mai suna John Gilbert da wuƙa, a nan ne aka gane Katherine ce, matar 1864, ta dawo. Lokacin da zango na biyu ya fara, masu sharhin da suka ci gaba da kallo sun riga sun koma yabon wasan saboda saurin labarinsa da kuma yadda jarumar wasan, Nina Dobrev, ke fitowa a matsayin mata biyu masu fuska ɗaya da hali mabambanci.

Dalilan sauyin

Dalili na farko yana cikin tsarin sharhin kansa. A wancan lokaci al'adar jaridun Amurka ita ce a aika wa mai sharhi kashi ɗaya ko biyu kafin a fara nuna wasa, ya rubuta hukuncinsa, sannan sau da yawa ba ya komawa. A ƙarshen shekarun 2000 sai shafukan intanet irin su The A.V. Club suka yawaita sharhin mako-mako, wato bin kowane kashi da nazari bayan an nuna shi, kuma wannan tsari ya fi dacewa da wasan da ƙarfinsa ke cikin yadda labari ke taruwa a hankali. Saboda haka hukunci biyu suka wanzu a kan wasa ɗaya, na wanda ya ga awa guda ya tafi da na wanda ya zauna shekara, kuma na biyun ne ya rinjaya daga baya.

Dalili na biyu shi ne wanda ake zaton an yi wasan dominsa. An kafa The CW a 2006 bayan haɗe tashoshin The WB da UPN, kuma ta sa mata matasa a gaba a matsayin masu kallonta. Abin da 'yan mata ke so ya daɗe yana shan raini a wajen masu sharhi, waɗanda a wancan zamani hankalinsu ya fi karkata ga wasannin da ke ba da labarin maza masu duhun hali, irin su The Sopranos da Mad Men da Breaking Bad. Kwatanta wannan da True Blood yana fito da lamarin fili. Tashar HBO, wadda ake biya kafin a kalla kuma take da sunan yin wasanni masu daraja, ta fara nuna shi a Satumba 2008 a ƙarƙashin Alan Ball, wanda ya riga ya ci lambar Oscar da rubutun fim ɗin American Beauty. Labarin ya ginu a kan cewa masana kimiyya na Japan sun ƙirƙiro jinin roba, don haka mashaya jini suka bayyana kansu suna neman 'yanci a jihar Luwiziyana, kuma masu sharhi suka karanta wannan a matsayin kinaya, wato labarin da ke nufin wani abu daban da zahirinsa, game da gwagwarmayar tsiraru a Amurka. Jarumar wasan, Anna Paquin, ta ci lambar Golden Globe a 2009, wasan ya shiga takarar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo a 2010, alhali The Vampire Diaries ya tsaya a lambobin da masu kallo ke zaɓa, irin su People's Choice da Teen Choice. Sunan tasha da sunan marubuci sun sayo wa ɗaya uzurin da ɗayan sai da ya yi aiki kafin ya samu.

Dalili na uku ya shafi halittar kanta. Farfesa Nina Auerbach ta yi bayani a littafinta na 1995 cewa kowane zamani yana ƙera mashayin jinin da ya dace da fargabarsa da sha'awarsa, kuma wannan sauƙin lanƙwasawa ne ke ba mai sharhi abin faɗa. A The Vampire Diaries ƙishirwar jinin Stefan an tsara ta kamar jarabar mashayin ƙwaya da ke tuba yana komawa, sannan an ba mashaya jinin ikon kashe tausayin zuciyarsu idan baƙin ciki ya yi musu yawa, wanda hakan ya buɗe ƙofar tattauna makoki da alhakin laifi a cikin wasan da aka ɗauka na soyayya ne kawai.

Abin da ya biyo baya

Ta fuskar kasuwa sakamakon a bayyane yake. Wasan ya yi zango takwas da kashi 171 kafin ya ƙare ranar 10 ga Maris 2017, ya haifi The Originals daga 2013 zuwa 2018 da Legacies daga 2018 zuwa 2022, wato shekara goma sha uku ana cin gajiyar labari ɗaya. Yarjejeniyar da masu The CW suka ƙulla da Netflix a 2011 ta sa sabbin masu kallo suka riƙa haɗiye zango guda cikin 'yan kwanaki, kuma garin Covington na jihar Jojiya, inda aka ɗauki wasan, ya zama wurin ziyarar masoyansa.

Sai dai abin da ya jawo yabon shi ne ya kawo gajiya. Saurin da ya burge masu sharhi ya cinye labarin da wuri, don haka marubutan suka koma ƙirƙiro sabbin abokan gaba da sabbin dokokin sihiri, kuma da yake zobba da tsafi sun riƙa dawo da matattu, mutuwar da ta girgiza mutane a zangon farko ta zama abin da ba ya tayar da hankalin kowa. Ficewar Nina Dobrev a 2015 bayan zango na shida ta raba wasan da ginshiƙinsa, a 2016 aka mayar da shi daren Juma'a, wanda a Amurka dare ne na ƙarancin masu kallo, kuma a ƙarshe adadinsu ya sauko kusa da miliyan ɗaya. True Blood ma ya bi wannan hanya, domin bayan Alan Ball ya bar jagorancinsa a ƙarshen zango na biyar sukar ta ƙaru a kan yawan halittu da warwatsewar labari, har kammalawarsa a 2014 ta bar masu sharhi da yawa cikin rashin gamsuwa.

Sakamako mafi nauyi ya zo ne daga baya, lokacin da manazarta suka sake duban wasannin da tambayoyin da sharhin farko ya tsallake. Damon Salvatore da Bill Compton na True Blood dukansu tsofaffin sojojin ɓangaren Kudu ne, wanda ya yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 don kare bautar da baƙar fata, amma wasannin sun mayar da wannan tarihi ado. Ebony Elizabeth Thomas, a littafinta The Dark Fantastic na 2019, ta keɓe babi ga Bonnie Bennett ta The Vampire Diaries, baƙar fata mai sihiri wadda Kat Graham ta fito a matsayinta, ta nuna yadda ake yawan sadaukar da ita domin ceton ƙawarta farar fata. Haka kuma ikon da mashaya jini ke da shi na juya tunanin mutum su shafe masa abin da ya faru, wanda Damon ya yi amfani da shi a kan wata yarinya mai suna Caroline a zangon farko, an koma karanta shi a matsayin cin zarafin mace da wasan ya yafe cikin sauƙi.

Bayan ƙurar ta lafa nau'in bai mutu ba, siffa ya sauya, domin What We Do in the Shadows na tashar FX, daga 2019 zuwa 2024, ya mayar da mashaya jini abin dariya ya kuma shiga takarar Emmy ta gwarzon wasan barkwanci, sannan Interview with the Vampire na tashar AMC, wanda ya fara a 2022, ya mayar da jaruminsa Louis baƙar fata ɗan New Orleans, ya sa batun launin fata a tsakiyar labarin, kuma ya sami yabo tun daga kashinsa na farko. Idan aka auna duka, sharhin farko a kan The Vampire Diaries ya yi kuskure saboda ya yanke hukunci da awa guda da kuma raina masu kallon, sharhin tsakiya ya gyara wannan kuskure amma ya kau da kai daga matsalolin tarihi da ɗabi'a, kuma sai bayan an daina nuna wasan ne aka sami nazarin da ya haɗa ƙwarewarsa da aibinsa a ma'auni ɗaya.