Kiran waya ɗaya na iya fasa bututun bindigar toka

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Sallah a Kano ko Zariya ko Katsina ya san lokacin da 'yan bindiga ke saka wuta: ƙara ta cika gari, hayaƙi ya turnuƙe, matasa kuma kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar bidiyon da zai ɗora a TikTok. UNESCO ma ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Sai dai wayar da ke hannunka da bindigar da ake ɗurawa ta baki ba sa ga maciji da juna.

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, tsohuwar fasaha ce. Turawa 'yan kasuwa, ciki har da na Denmak, su ne suka riƙa shigo da irinta gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Bindigar zamani harsashinta a haɗe yake zuwa daga masana'anta. Ita kuwa wannan, mai ita ne ke haɗa komai da hannunsa: ya auna albarushi, ya zuba ta baki, ya sa toshiya, ya danna da sanda. Babu wata na'ura da za ta tuna masa inda ya tsaya. Ƙwaƙwalwarsa ce kaɗai ke riƙe da lissafin.

A nan waya ke shigowa. A ce mutum ya zuba albarushi, sai kira ya shigo ko saƙon WhatsApp ya ja hankalinsa. Da ya dawo, sai ya manta ya ƙara zuba wani. Ɗuri biyu a bututu ɗaya, musamman ƙirar gida da ba a gwada ƙarfin ƙarfenta ba, na iya tarwatsa shi a hannun mai harbi. Haka kuma idan gaggawa ta sa bai danna kayan sun zauna daram a kan albarushin ba, iskar da ta rage a tsakani na iya kumbura bututun ko ta fasa shi.

Maganin farko bai kai naira ɗaya ba: a yi wa sandar ɗuri alama biyu, ɗaya ta nuna bututu fanko, ɗaya ta nuna ɗuri guda. Duk lokacin da wani abu ya katse ka, zura sandar ka duba kafin ka ci gaba. Na biyu, sanya wayar a yanayin jirgin sama, ka jefa ta aljihu har ka gama.

Sauran ƙa'idojin su ma na natsuwa ne. Kada a zuba albarushi kai tsaye daga gorarsa, a yi amfani da ma'auni daban, domin tartsatsin da ya saura daga harbin baya na iya kama gorar gaba ɗaya. A goge cikin bututu da ɗan tsumma mai danshi tsakanin harbi da harbi. Kada fuska ko tafin hannu su rufe bakin bindiga yayin ɗuri. Ba sigari, ba ashana a kusa. Kada kuma a kuskura a sa hodar harsashin zamani, ƙarfinta ya fi abin da bututun zai iya ɗauka. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon inda babu kowa aƙalla minti ɗaya, don wani lokaci wutar kan yi jinkiri sannan ta tashi.

Kai mai ɗaukar bidiyo, naka aikin shi ne nisa. Ko babu dalma a ciki, toshiya da wutar da ke fita na iya ƙona mutum ko su tsiyaye masa ido. Tsaya a baya ko can gefe, ka jawo hoton da kyamara, kada ka matsa da ƙafa. Kada ka kira sunan mai ɗuri don ya kalli waya, kada ka roƙe shi ya maimaita harbi da sauri saboda na farko bai fito ba. Ƙarar bindiga kan wuce desibel 140, abin da ke iya lalata ji nan take, kuma abin sauraren kiɗa na kunne ba zai maye gurbin toshin kunne na ainihi ba.

Akwai kuma batun doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci irin waɗannan bindigogi, kuma ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon neman lasisi a kansu. Mai sha'awar koyo ya fara da wannan, sannan ya zauna gaban gwani ya ga yadda ake yi da idonsa.