FASHIN BAƘI: Igiyar da ake ɗaura wa reshe a bar mai sara a Zurmi

Daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwan farko, lokaci ne na hawan bishiya a ƙasar Zurmi. Makiyayi na kan gawo da barandami yana sauke wa shanu ganye, domin gawo ne ke yin kore sa'ad da ciyawa ta ƙare. Magidanci na neman wanda zai rage masa rassan bedin da suka lulluɓe kwanon ɗaki, kafin iskar farkon damina ta yi masa aikin ba da shawararsa ba. Da kaka kuma a hau kuka bisa turakun da aka kafa a jikinta. A Ingila, mai irin wannan sana'a likitan bishiya ake ce masa, yana da takardar shaida da inshora. Namu yana hawa ne da tafin hannu da tafin ƙafa.

Ba wai babu igiya a wurin aikin ba. Sau da yawa akwai ta, amma reshe ake ɗaura wa, don kada ya faɗo ya lotsa kwano ko ya rusa katanga. Kwano na da farashin da kowa ya sani, kuma idan ya lalace za a cire a kuɗin jinga. Ƙashin bayan mai sara ba ya cikin cinikin.

Bedi da ya manyanta yakan haura mita 15. Wanda ya suɓuce daga mita 10 kawai zai iso ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi, da gudun kusan kilomita 50 a awa. Karayar hannu ko ƙafa maɗori na iya kamawa. Raunin laka kuwa sai babban asibiti, sai an bi hanyar Kaura Namoda zuwa Gusau, hanyar da 'yan bindiga suka sa matafiyi ke duba rana kafin ya hau ta. Matsalar tsaron ta ƙara nauyi ta wata fuskar: tun da dazukan yankin, irin na Dumburum, suka zama wurin da mai neman itace ko ganyen dabbobi ba ya shiga da kwanciyar rai, buƙatar ta dawo kan bishiyoyin cikin gari da na gonakin kusa.

Yadda ake hawa da igiya

Ƙwararren mai hawa yana fara aikinsa ne daga ƙasa. Yakan zagaya bishiyar ya duba kogo, da cin gara, da busassun rassa, da wayar wuta. Sannan ya jefa siririn zare mai ɗan nauyi a bakinsa ya tsallake wata ƙaƙƙarfar gwafa can sama, ya jawo babbar igiya da shi. An fi so igiyar ta zagaye jikin bishiyar kanta, ba reshe kaɗai ba, kuma akan gwada ta da nauyin mutum biyu kafin ƙafa ta bar ƙasa.

Baki ɗaya na igiyar yana maƙale a ɗamarar da ta kama ƙugu da cinyoyi. Ɗaya ɓangaren kuma ana riƙe shi da wani ƙulli da duk dabarar ta rataya a kansa: ɗan guntun igiya ne da aka naɗe sau da yawa a jikin babbar. Idan aka tura shi da hannu, sai ya zame. Idan nauyin mutum ya hau shi, sai ya cije. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Prusik, ya bayyana irinsa a 1931, har yau da sunansa ake kiran sa. Ma'anarsa ita ce, mai hawa na iya sakin hannu biyu, ko santsi ya ɗebe shi, ko zuma ta taso masa, ya tsaya a rataye inda yake.

Sai gajeriyar igiya ta biyu, wadda ke zagaye jikin bishiya daga ƙugu zuwa ƙugu. Wannan ba baƙuwa ba ce: ita ce ɗamarar da muke gani a jikin ma'aikatan wuta a kan turke, kuma masu hawan kwakwar manja a kudu sun daɗe da tasu. Ƙa'idar Z133 ta Amurka ta wajabta wa mai tayar da injin zarto a kan bishiya ya kasance a ɗaure ta wuri biyu, domin injin na tsinke igiya kafin ƙiftawar ido.

A nan ne gurguwar fahimta ke iya kisa. Shuɗiyar igiyar roba da ake sayarwa a kasuwa don guga da ɗaurin kaya ba igiyar hawa ba ce. Tana da santsi, ƙulli ba ya cizon ta da kyau, rana na cinye ƙarfinta, kuma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 165 ba, zafin da gugar igiya da igiya ke iya haifarwa a saukowa ɗaya mai sauri. Ta rama da ta kaba kuwa sukan ruɓe daga ciki, waje na nuna lafiya. Igiyar hawa ta ainihi kaurinta milimita 11 zuwa 13 ne, kuma ma'aunin Turai na EN 1891 ya ce nau'inta na farko ya jure jan da ya kai kimanin kilo 2,200 kafin ya tsinke. Mai karatu zai ce, ina ruwan mutum mai kilo 70 da wannan? Amsar ita ce kowane ƙulli na rage ƙarfin igiya, tsufa na rage nasa, sannan fizgar faɗuwa na ninka nauyin mutum sau da yawa.

Sauke reshe

Ɗanyen gungume mai faɗin santimita 30 da tsawon mita 2 ya fi buhun masara nauyi. Idan aka sare shi ya yi ɗan faɗuwa kafin igiya ta tare shi, fizgar ta wuce nauyinsa nesa. Idan kuma igiyar ta bi ta kan wata gwafa ta dawo ƙasa, gwafar na ɗaukar kusan ninki biyu, domin ana jan ta ta ɓangare biyu. Mai saran da ya rataya gungume a reshen da shi kansa ke tsaye a kai ya haɗa ransa da lissafin da bai yi ba.

Shi ya sa igiyar kaya daban, ta mutum daban, ba a musanya su. Na ƙasa kuma ba da ƙarfin damtse yake riƙewa ba: yakan naɗe igiyar a gindin bishiya ko a wani ƙarfe da aka ɗaura don haka, ya bar gungumen ya ɗan gudana sannan ya tsayar da shi a hankali. Naɗe ta a hannu hanya ce ta rasa yatsu.

Saran kansa uku ne. A fara tsaga reshen ta ƙasa, a sare shi ta sama ɗan gaba da wurin, sannan a gyara kututturen a dab da kumburin da ke gindinsa ba tare da an taɓa kumburin ba. Sara ɗaya daga sama yakan sa reshe ya yage, ya ɗaye ɓawo har jikin bishiya, ruɓa ta shiga ta nan, bayan shekaru a sami kogon da zai karye da wani mai hawan. Game da wayar wuta kuwa babu dabara: layi mai ƙarfin 11,000 ko 33,000 na iya tsallakowa ta iska, ɗanyen itace na ɗaukar wuta. Sai kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa, ya kashe layin.

Wa ke da alhaki?

A Birtaniya, dokar 1998 ta sa a duba kayan hawa duk wata shida, ta 2005 ta tsara duk wani aiki a sama, kuma ba a hawa sai da wani a ƙasa da ya iya hawa ya sauko da wanda ya ji rauni. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare lafiyar ma'aikata mai lamba 187 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF. Amma wanda aka yi jinga da shi da baki a ƙofar gida ba ya cikin takardar albashin kowa. Idan ya faɗo, a ce tsautsayi, 'yan uwa su yi karo-karo.

Kuɗin bishiya kuwa na shigowa. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, tana kuma cikin jihohi 19 na shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disambar 2021. Abin da aka fi shelanta wa jama'a shi ne yawan dashe. Duk dashen da ya rayu, wata rana sai an hau shi.

Kayan hawa daga waje ake shigo da su, sun fi ƙarfin aljihun mai sara ɗaya. Ba su fi ƙarfin ƙungiyar masu sana'ar ba, balle ƙaramar hukuma, tunda saiti biyu da hulunan kwano na iya zagaya gari guda. Akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Kaura Namoda da za ta iya ɗaukar gajeren horo. Majalisar ƙaramar hukumar Zurmi, da ta Shinkafi, da ta Kaura Namoda, kowace na iya farawa da aikin da ita ke biya: duk jingar rage bishiyoyin kasuwa, makaranta ko asibiti, a rubuta a takardar cewa mai hawa zai kasance a ɗaure, kuma kuɗin igiyarsa na cikin farashi.