Hazo a Hanyar Bichi da Dambatta

Manomin Dawakin Tofa yana rarrabe abin da ɗan birni kan haɗa a kalma guda. A wurinsa hunturu lokaci ne, jaura iska ce mai fasa leɓe, hazo kuwa ƙurar da ke tare gani, wadda akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ni da nazarin harshe ne sana'ata, wannan rarrabewa tana burge ni, sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi kalmomi nauyi.

Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya bayyana karkarar Kano da cewa ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona. Ta tsakiyar wannan cunkoso titin Katsina ya ratsa Dawanau da Bichi, na Daura ya bi ta Dambatta. Direban tirela yana zaton daji yake ketawa, alhali cikin unguwa yake gudu. Da sassafe a watan Janairu, ɗan makaranta da mai tallan koko da amalanken shanu duk suna gefen kwalta, hazo ya lulluɓe su.

Da aka hana acaɓa a birni a 2013, babura da dama sun koma ƙauyuka, wasu ko fitilar baya babu. KAROTA kuwa ƙarfinta a birni yake. Ƙananan hukumomin nan, tare da Hukumar Kiyaye Haɗurra, za su iya kafa alamun rage gudu a bakin makarantu da kasuwanni kafin sanyin bana ya kankama. Kuɗin bai kai na motar shugaba guda ba.