Faci: yadda za ka tura gyaranka ba tare da ka shafe aikin wani ba

 Yau zancen faci za mu yi. Ba na taya ba fa, kodayake suna da kama sosai, kuma za ku ga dalili.

Bari in fara da abin da ya jawo hirar. Bara mu 'yan ƙungiyarmu ta matasa muna haɗa wani ɗan shafin intanet da za mu riƙa saka ayyukan da aka yi wa unguwanni alkawari: rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, gyaran aji, wanne aka yi, wanne aka watsar. Mu biyu ne ke rubuta kod ɗin, ni da wani abokina da ke zaune a garin da sai ka hau tudu kake samun sabis. Wata rana na gyara kuskure na layi uku kacal, sai na dunƙule foldar aikin gaba ɗaya na tura masa ta WhatsApp. Ya ƙona datarsa ya sauke, ya juye a kan tasa foldar. Shi ke nan, aikinsa na kwana biyu wanda bai riga ya adana ba ya bi ruwa. Bai yi min faɗa ba, shiru kawai ya yi, kuma wallahi shirun ya fi faɗan zafi. Laifina ne, domin layi uku na canza, layi uku ya kamata in tura.

To wannan shi ne faci. Idan tayarka ta yi huji, mai faci ba ya ba ka sabuwar taya, wurin hujin yake nema ya manna ɗan roba. A kwamfuta ma haka ne: faci ƙaramin fayil ne na rubutu zalla da ke cewa, a fayil kaza, wajen layi kaza, cire wannan ka sa wannan.

Abin ya girmi yawancinmu. Tun shekarun 1970 aka yi manhajar diff a Bell Labs da ke Amurka, aikinta ta gwada fayil biyu ta nuna bambancinsu. A 1985 Larry Wall ya fitar da manhajar patch, wadda ke karɓar wancan bambancin ta manna shi a kan fayil. Da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a watan Afrilun 2005, bai yar da wannan hanya ba, gina ta ya yi a ciki. Har yau masu aikin ƙwaryar Linux, wadda wayar Android ɗinka ke tafiya a kanta, ta imel suke tura wa juna faci.

Idan ka buɗe faci za ka ga layukan da suka fara da alamar ɗebewa, su ne aka cire. Waɗanda suka fara da alamar tarawa su ne aka ƙara. Akwai layin da ya fara da @@, shi ke faɗin wurin da canjin yake. Sannan akwai layuka uku a sama da uku a ƙasa waɗanda ba a taɓa su ba. Da farko na ɗauka ado ne, ashe su ne jigon abin. Kamar kwatancen gida ne: "bayan masallaci, kusa da mai shayi." Ko da abokinka ya ƙara rubutu a saman fayil ɗin lambar layi ta gusa, Git zai bi wannan kwatancen ya gano wurin. Amma idan shi ma ya canza waɗannan layukan, to mai shayi ya tashi kenan, facin ba zai kama ba.

Hanya biyu ce ta yin sa. Ta farko ita ce ta gaggawa: ka rubuta git diff > gyara.patch, ka tura fayil ɗin, wanda ya karɓa ya rubuta git apply gyara.patch. Tana aiki, amma ba ta ɗauke da sunanka ko bayanin dalilin gyaran. Kuma akwai tarko a ciki da ya taɓa kama ni: idan ka ƙirƙiri sabon fayil ba ka gabatar da shi ga Git ba, git diff ba zai gan shi ba, sai ka tura faci rabi kana ta jin kai gwani.

Ta biyu ita na fi so. Ka fara adana canjinka a matsayin komit, da bayani mai ma'ana. Sai ka rubuta git format-patch -1. Zai ba ka fayil da sunansa ya fara da 0001, a ciki akwai sunanka, imel ɗinka, rana da lokaci, bayaninka, sannan gyaran. Idan komit uku ne ka ce -3, ya ba ka fayil uku a jere. Mai karɓa kuma ya rubuta git am tare da sunan fayil ɗin, sai gyaran ya shiga tarihin aikin da sunanka a kai, ba da nasa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matashin da ke neman aiki. Gobe idan aka ce nuna mana abin da ka taɓa yi, ga shi nan a rubuce, babu mai cewa shi ya yi.

Kafin ka manna facin kowa, rubuta git apply --check tukuna. Ba zai taɓa komai ba, zai dai faɗa maka ko zai kama. Idan git am ya maƙale a tsakiya, kar ka rikice ka fara goge-goge. git am --abort zai mayar da kai inda kake. Kana iya sake gwadawa da git am -3, wanda ke ƙoƙarin haɗa naka da nasa, inda suka yi karo kuma ya yi maka alama ka warware da hannu. Kuma don Allah, ka tura faci a matsayin fayil. Idan ka kwafe rubutun ka liƙa a akwatin hira ko a imel na burauza, sau da yawa yakan lalata tazarar da ke tsakanin kalmomi ko ya karya dogon layi, facin ya mutu a hanya.

Akwai wani ɓangare da ba na son in tsallake, shi ne amana. Faci yana da gajarta ne domin mutum ya karanta shi kafin ya karɓa. A Linux tun 2004 ake buƙatar layin Signed-off-by a ƙarshen bayanin, wato kana shaida cewa kana da haƙƙin miƙa wannan kod ɗin, ba satowa ka yi ba. git commit -s ne ke saka shi. Duk da haka, a 2021 an yi rikici da wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota da suka tura faci masu kuskure da gangan don su gwada ko masu dubawa za su gane. Da abin ya fito, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya dakatar da karɓar gyara daga jami'ar, aka koma ana sake bin waɗanda suka turo a baya. Ni a ganina fushin yana kan hanya, domin lokacin 'yan sa kai aka ɓata ba tare da an nemi izininsu ba.

Shi ya sa a ƙungiyarmu muka kafa doka: faci ɗaya, gyara ɗaya. Ka gyara kuskuren rubutu, ka canza launin shafi, ka taɓa wajen shigar da bayanai, duk a faci guda? Zan mayar maka, ko kai ne shugaba. Abin da ya yi tsawo ba wanda ke karanta shi da gaske, kai kawai ake gyaɗawa a wuce.

Ga aikin gida. Ka buɗe folda, ka yi git init, ka rubuta layi goma a fayil ka yi komit. Kwafi foldar zuwa wani wuri. A ta farko ka canza layi ɗaya, ka yi komit, ka fitar da faci, ka manna shi a ta biyun. Daga nan sai ka sake, amma wannan karon ka canza layi guda a duka biyun, kowanne da rubutu daban, ka ga yadda zai ƙi. Ku turo min saƙon da ya fito muku, a shiri na gaba za mu warware shi tare. Sai mun haɗu.