Yadda manyan kamfanonin Jamus suka sake miƙewa bayan faɗuwar Hitler

A ranar 31 ga Yuli, 1948, wata kotun sojan Amurka da ke zama a Nuremberg ta yanke wa Alfried Krupp hukuncin ɗaurin shekara 12, ta kuma ba da umarnin a ƙwace dukiyarsa baki ɗaya. Shi ne mai kamfanin ƙarfe da makamai na birnin Essen, wanda ya ƙera wa rundunar Hitler igwa da tankokin yaƙi. An same shi da laifin sa fursunoni aikin bauta da wawashe masana'antun ƙasashen da Jamus ta mamaye. Shekara uku ba ta cika ba, a farkon Fabrairun 1951, ya fito daga kurkuku. John McCloy, Babban Kwamishinan Amurka a Jamus, ya sassauta masa hukuncin, aka kuma mayar masa da dukiyar.

Ba haka waɗanda suka ci yaƙin suka tsara ba tun farko. A 1944 Sakataren Baitulmalin Amurka, Henry Morgenthau, ya kawo shawarar a rushe manyan masana'antun Jamus, a mayar da ita ƙasar manoma. Ba a bi shawarar dukanta ba, amma a taron Potsdam na 1945 an amince a kwance injuna a matsayin diyya, a kuma wargaza kamfanonin da suka yi kaka-gida a tattalin arzikin ƙasar. Tarayyar Sobiyet ce ta fi kowa ɗaukar maganar da gaske. Kayan ƙera motar Opel Kadett ma sai da aka loda su zuwa Mosko, inda motar ta sake fitowa da sunan Moskvitch.

Kamfanin da ya fi kowanne ɗaukar alhaki shi ne IG Farben, gamayyar kamfanonin sinadarai da aka kafa a 1925. Ya gina masana'antar roba a Monowitz, daura da sansanin Auschwitz, da gumin fursunonin da dubbansu suka mutu a bakin aiki. Yana kuma da babban hannun jari a Degesch, kamfanin da ke sayar da gubar Zyklon B, wadda aka hallaka Yahudawa da ita. An gurfanar da shugabanninsa 23, aka samu 13 da laifi, hukunci mafi tsanani kuwa shekara takwas ne. Zuwa 1951 babu ko ɗayansu a tsare.

An dai raba kamfanin a farkon shekarun 1950, sai dai rabon ya bi tsofaffin iyakoki ne: Bayer da BASF da Hoechst, waɗanda su ne da ma suka haɗu suka kafa shi, kowanne ya koma gidansa da ma'aikatansa da iliminsa. Fritz ter Meer, wanda aka ɗaure shekara bakwai saboda Auschwitz, ya zama shugaban majalisar sa ido ta Bayer a 1956. Da wuya a kira wannan horo.

Abin da ya sauya lissafin shi ne Yaƙin Cacar Baka. Amurka da Birtaniya sun ga cewa ciyar da Jamus mai yunwa nauyi ne a kan baitulmalinsu, kuma Turai ba za ta farfaɗo ba muddin ƙarfe da kwal na yankin Ruhr na kwance. Tallafin Marshall ya fara shiga a 1948, yarjejeniyar Petersberg ta 1949 ta rage kwance masana'antu, sannan yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, ƙarfe ya yi daraja. Masu masana'antun da aka ɗaure jiya suka zama abin nema. Friedrich Flick ya fito a 1950, ya kuma rasu a 1972 yana cikin mafiya arziki a Jamus ta Yamma. An sa Krupp ya yi alkawarin sayar da ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfensa, aka yi ta ɗage wa'adin har maganar ta bi ruwa. A 1999 kamfanin ya haɗe da Thyssen.

Labarin Volkswagen daban ne, domin wani hafsan sojan Birtaniya, Manjo Ivan Hirst, ya ceto shi. Ya tarar da masana'antar Wolfsburg bama-bamai sun yi mata illa, ya shawo kan rundunarsu ta yi odar mota 20,000. A 1949 aka miƙa kamfanin ga Jamusawa, a 1955 ya ƙera Bitil ta miliyan ɗaya. Ita ce motar da aka fara haɗawa a Legas a tsakiyar shekarun 1970, wadda tsofaffin ma'aikatan gwamnati da yawa suka fara riƙe sitiyari da ita.

Waɗanda aka bautar kuwa sun daɗe suna jira. Wasu kamfanoni sun biya ƙananan kuɗaɗe a shekarun 1950 da 1960, ba tare da amsa laifi ba. Sai a 2000, bayan ƙararraki sun taru a kotunan Amurka, gwamnatin Jamus da kamfanoni suka kafa gidauniyar mak biliyan 10, kowane ɓangare ya zuba rabi. Zuwa 2007 ta biya mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Miliyoyin da aka tilasta wa aikin, akasarinsu sun riga sun rasu kafin a fara rabon.