Kiwon Kifin Zomo: Ciyawa Kaɗai Ba Ta Girmar da Ɗan Kifi

A ƙasar Filipin, can gabas mai nisa, akwai manoma masu kiwon kifi kamar yadda ake kiwon rago na turka. Ɗaya daga cikin kifayen da suke kiwo ana kiran shi kifin zomo. An ba shi wannan suna domin bakinsa ƙarami ne kamar na zomo, kuma ciyawa yake ci.

Kifin teku ne, na ruwan gishiri. Ana samunsa a Filipin, da Indunusiya, da gaɓar Kenya da Tanzaniya, da Bahar Maliya. Bayan da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, wani irinsa ya bi ta nan ya shiga Bahar Rum. Yana da ƙayoyi masu dafi, 13 a baya, 7 a ƙarƙashin ciki. Saboda haka masunta suke kama shi da hattara. Amma namansa na da daɗi, kuma yana da kasuwa.

Daga ƙwai zuwa ɗan kifi

A garin Tigbawan na Filipin akwai wata ma'aikatar binciken kiwon kifi da aka kafa a 1973. Ma'aikatanta sun daɗe suna ƙyanƙyasar kifin zomo. Uwar tana zuba ƙwai bisa lissafin wata, kuma ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya. Ɗan da ya fito bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. A lokacin ba ya cin ciyawa. Sai an ba shi wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani sosai. Bayan kamar wata guda sai ya ɗauki siffar uwarsa, ya fara kiwon gansakuka. Daga nan ne mai kiwo yake zuba shi cikin tabki, ko cikin akurkin raga da ke bisa ruwa.

Abinci mai gina jiki

Wanda ya ji an ce kifi mai cin ciyawa ne zai yi tsammanin kiwonsa kyauta ne. Ba haka ba ne. Ɗan kifin da aka bari da ciyawar teku kaɗai yana rayuwa, amma girmansa a hankali yake. Makiyayi ya san wannan: maraƙin da ke cin kara kawai ba ya yin jiki kamar wanda ake ƙara ma dusa da harawa.

An gwada abinci iri-iri ga ɗiyan kifin zomo a Tigbawan, aka buga sakamakon a 1990. An gano cewa abincin da ya fi dacewa shi ne mai kashi 35 cikin 100 na abin gina jiki. Ana samun wannan daga garin kifi da waken suya. Idan ya yi ƙaranci, kifi ya tsumbure. Idan ya yi yawa, kuɗi ne aka zubar cikin ruwa, domin shi ne mafi tsada a cikin haɗin. Shi ya sa ake haɗawa da dusa da ɗan mai, su ba kifi ƙarfin iyo, abin gina jiki kuwa ya tafi ga tsoka. Wani alherin kifin zomo shi ne, man tsiro yana iya maye masa kaso mai yawa na man kifi. Yawancin kifayen teku ba su da wannan baiwa.

Kaɗan-kaɗan, sau da yawa

A cikin teku kifin zomo yini yake yana tsinkar ciyawa, kamar akuya. Hanjinsa dogo ne, kuma bai saba cika ciki gaba ɗaya ba. Masu bincike a Bairut ta ƙasar Labanan sun ga cewa ɗiyan da ake ba abinci sau 3 a yini sun fi waɗanda ake ba sau ɗaya girma. Sun kuma ga cewa irin na Bahar Rum ya fi girma idan zafin ruwa ya kai awo 27. In ruwa ya yi sanyi, ci ya ragu.

Ga misalin lissafi. Mai kiwo yana da ɗiyan kifi 1.000, kowane garam 20. Jimla kilo 20 ke nan. Idan zai ba su kashi 5 cikin 100 na nauyinsu, to kilo 1 ne a yini. Sai ya raba shi uku: safe, rana, marece. Duk sati biyu ya kamo kaɗan ya auna, ya gyara lissafi. Wanda ya iya karatu da rubutu shi ne zai riƙe wannan a littafi.

Abincin da kifi bai ci ba yana ruɓewa a ƙasan ruwa, ya cinye iskar da kifi ke shaƙa. Idan da asuba aka ga kifaye sun taso suna haki, to ruwa ya ɓaci. A rage abinci, a sake ruwa.

Amfaninsa ga manomin Nijar

Nijar ba ta da teku, kifin zomo ba zai zauna a tabkunanta ba. Amma akwai karfasa, wadda ita ma mai cin gansakuka ce. A farkon shekarun 1980 an fara kiwonta cikin akurkin raga bisa kogin Isa, a yankin Tillaberi, ana ba ta dusar shinkafa da tunkuzar gyaɗa da garin kifi. Ƙa'idar duk ɗaya ce. Sau da yawa kuɗin abinci ya kan wuce rabin abin da mai kiwo yake kashewa. Don haka duk manomin da ke son zuba ɗiyan kifi a tabki, ya fara shawara da ma'aikatan ruwa da daji na yankinsa, ya tanadi ma'auni da littafi tun kafin ya sayi iri.